Fankar da ta zo ta huɗu



A zamanmu na ƙarshen watan jiya, bayan an karanta bayanin zaman baya, an karɓi kuɗin wata, an shafa, jama'a sun fara laluben takalmansu, sai muka lura wani daga cikin membobinmu ya ƙi tafiya. Yana tsaye a gefe yana jujjuya waya a hannu. Mutum ne marar hayaniya, shekara da shekaru yana zuwa taro amma in ba tambayarsa aka yi ba, ba za ka ji muryarsa ba. Noman shinkafa yake yi a fadama, in an yi girbi kuma ya ɗan taɓa kasuwar bandar kifi. Sai da wurin ya yi fayau sannan ya matso ya ce, "Sakatare, ɗan duba mini wannan." Mun zaci takardar asibiti ce ko rigimar iyakar gona, don irin abin da aka saba tsayar da mu a kansa ke nan. Ashe hoto ne.

Ƙafar tsohon keke ce aka cire mata taya, aka yanka jarka aka ɗaura mata fukafukai shida, aka kafa ta a kan sandar darbejiya. A jikin sandar an rataye gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki, sai wani ɗan ƙarfe da aka lanƙwasa a bakin ƙafar keken. In iska ta kaɗa, ƙafar ta juya, ƙarfen ya riƙa dukan gwangwanayen suna ƙara. A gefe ga wani siririn yaro cikin kayan makaranta, ya ƙame kamar soja, ko murmushi babu. Ɗansa ne, yana aji biyu a ƙaramar sakandare. Malamin kimiyya ne ya ce kowa ya kawo abin da ya ƙirƙira da hannunsa, shi kuma ya yi abin korar jan-baki daga gonar shinkafa, domin ya gaji da tsayuwa tun asuba yana jan igiya yana ihu a gonar ubansa.

Duk wanda ya taɓa noma shinkafa tsakanin Haɗejiya da Gashuwa ba sai an yi masa bayanin jan-baki ba. Ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, amma in suka taso kamar hadari suka sauka a gona, wahalar wata huɗu tana iya tafiya a yini guda. Tun da kacala ta toshe mana hanyoyin ruwa kuma sai suka samu wurin kwana da hayayyafa. Wato yaron nan damuwar gidansu ya kalla ya nemo mata dabara.

A gasar da aka yi a makarantarsu fankar ta zo ta huɗu. Abin da ya zo na ɗaya wani gidan bene ne na katako, an shafe shi da fenti, an sa masa ƙananan fitilu, an rufe shi cikin akwatin gilashi. Kowa a wurin ya san hannun kafinta ne, wasu ma sun san wane kafinta. Uban bai yi ƙorafi a kan wannan ba. Abin da ya ce mana shi ne, "Wallahi Sakatare, kwana uku ke nan ina buɗe hoton nan ina kallo. Ni da ban yi boko ba." Muka ce, "To Malam, ka faɗa masa?" Sai ya yi dariya ya sunkuyar da kai. "Haba Sakatare, ɗan fari ne fa." Muka ce to me ka ce masa da ya kawo ta gida? Ya ce, "Cewa na yi ya kwashe tarkacen nan daga ƙofar zaure kada wani ya yi tuntuɓe."

Mun nemi izininsa kafin mu rubuta wannan, ya yarda bisa sharaɗin ba za a ambaci sunansa ko na yaron ba.

Ba mu ga laifinsa ba, domin haka mu ma muka taso. Mun tarar uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, uba ba ya wasa da shi a gaban mutane, in za a yi maganarsa sai a ce "yaron nan" ko "wancan". Ga tsoron kambun baka, kada ka yabi naka a bainar jama'a wani ya yi magana abin ya lalace. Ga kuma abin da aka haddace cewa yabo yana kumbura kan yaro, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu. Mu da muke cikin shekaru arba'in da 'yan kai mun sha dukan motar kara da motar langa-langa. Ka yini kana feƙe kara, kana yanka tsohon silifa ka yi taya, ka sa sitiyari mai juyawa, da magariba a taka ta da ƙafa a ce ka ƙi zuwa aike ka tsaya shashanci. A cikin abokan wasanmu akwai waɗanda hannunsu ya fi na kowa kyau, kuma babu ko ɗaya da wani babba ya taɓa tsugunawa ya tambaye shi yadda ya yi.

Sai dai akwai abin da muke mantawa. A da, kunyar nan ba ita kaɗai take tafiya ba, tana da abokan tafiya. Babban gida ne: in uba ya yi shiru, kaka tana nan, ita ce za ta ɗaga motar karan ta ce maigidana ya zama direba, ta kwance bakin zani ta ba da tukuici. Baffa yana nan, goggo tana nan, kawu yana zuwa ranar kasuwa. Aikin yabo nasu ne, aikin tsawa na uba, kuma yaro yana samun duka biyun. Yau mutum yana zaune a ciki da falo na haya da matarsa da 'ya'yansa, kaka tana ƙauye ko ta riga mu gidan gaskiya, baffa yana Legas yana gadi ko tuƙa babur. Masu yabon sun watse, shirun ne kaɗai ya rage a gidan. Yaro zai shekara goma sha biyar bai taɓa jin wani babba nasa ya ce masa "ka iya" ba.

Kuma yabo abu ne da yaro zai nema ko ta halin ƙaƙa. In bai samu a gida ba, akwai masu rabawa kyauta a waje. Mai sayar da ƙwaya ya iya kiran yaro namijin duniya. Ɗan siyasa ya iya dafa kafaɗarsa lokacin yaƙin neman zaɓe. Mu 'yan Yobe ba sai an tuna mana abin da ke faruwa ba idan wani baƙo ne ya fara gaya wa matashi cewa yana da amfani. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, uban da ya kwana uku yana kallon hoton aikin ɗansa, ya kamata ɗan ya sani. Ba mu ce ya hau munbari ko ya yi shela a kasuwa ba. In baki ya yi nauyi, akwai hanyoyin da ba su taɓa kunya. Ka tsaya ka ce ya nuna maka yadda take aiki. Ka tambaye shi me ya sa fukafukai shida ba huɗu ba. Ka sa masa albarka da sunan abin da ya yi, ba albarkar gama-gari ta bayan cin abinci ba. Yaran Hausawa sun iya karanta iyayensu, in ka zauna minti goma a gaban aikinsu sun fahimci sauran.

To amma akwai wani uban kuma, wanda shi alfaharinsa ba ya ɓuya ko kaɗan, kuma shi ne ya fi damunmu. Shi ne uban gidan benen cikin gilashi. Malami zai ba da aiki ranar Juma'a, kafin Asabar da yamma an je wurin kafinta ko mai walda ko mai gyaran rediyo, an yi ciniki, an biya. Ranar Litinin yaro ya ɗauko abin a kan babur kamar kayan lefe, ana ce masa ya yi a hankali kada ya taɓa. Kafin azahar hoto ya hau Facebook da WhatsApp: ga injiniyan gidanmu, Allah ya tsare mana shi daga bakin duniya. Mu kuma mu bi layi muna rubuta Masha Allah. Mu ma a wannan shafi mun taɓa sa irin waɗannan hotuna, ba za mu wanke kanmu ba.

Mu tsaya mu duba abin da yaron ya koya a wannan mako. Bai koyi auna katako ba, bai san yadda ake haɗa batir da ƙwan fitila ba. Abin da ya koya shi ne, idan aka ba ka aiki akwai wanda ake biya ya yi, kuma ubanka da kansa zai raka ka wurinsa, sannan a tafa maka. Wannan yaron ne in ya kai aji shida za a nema masa makarantar da ake rubuta amsar WAEC da NECO a kan allo. In Allah ya sa ya shiga babbar makaranta, kundin binciken kammala karatu ma a shagon kwamfuta zai saya, a cire sunan wani a sa nasa. Waɗanda muka yi difloma a cikinmu mun ga wannan da idonmu, mun san yadda ake tsayawa gaban malamai a kasa bayanin shafin farko na abin da aka ce kai ka rubuta. Daga baya kuma mu zauna a majalisa muna cewa masu digirin yanzu ba su iya komai ba, alhali tun daga aji biyu mu muka biya kuɗin rashin iyawar.

Mun san abin da iyaye za su ce, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Uwa za ta ce ba ta son a yi wa ɗanta dariya a cikin aji. Uba zai ce kwana biyu kacal aka bayar, kuma kowa saye yake yi, in shi bai saya ba ɗansa ne zai zo na ƙarshe. A nan dole mu juya ga malamai da shugabannin makarantu, na gwamnati da masu zaman kansu. Muddin ƙyalli ake ba maki, to mai kuɗi ne zai ci gasa kullum, ɗan talakan da ya yi da hannunsa kuma ya koyi cewa gaskiya ta huɗu take zuwa. Gane aikin saye kuwa ba ya buƙatar wani bincike. A tambayi yaro sau nawa abin ya ƙi yi kafin ya yi, kuma a ina ya ƙi. Wanda ya yi da kansa zai ba ka labari har ka gaji: da farko fukafukan sun yi nauyi, sai na rage, sai ƙarfen ya riƙa maƙalewa, sai na lanƙwasa shi ta ɗaya gefen. Wanda aka saya wa zai tsaya yana kallon ƙasa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kada a fahimce mu da cewa uba ya naɗe hannu. Ka sayi gam da ƙusa. Ka haska masa tocila in an ɗauke wuta. In akwai yankan ƙarfe ko walda, ka kai shi wurin mai sana'ar ya tsaya ya gani, ya faɗi da bakinsa inda za a yanka. Ka ba shi aron filaya ka jure in ya ɓatar. Abin da muke roƙo ka bari kawai shi ne ka karɓe aikin daga hannunsa don ya yi kyau a hoto. In ya karkace, a kai shi makaranta a karkace.

A ƙasar Malawi an yi wani yaro, William Kamkwamba, wanda yunwa da rashin kuɗin makaranta suka zaunar da shi a gida. Yana ɗan shekara 14 ya haɗa injin iska daga tarkacen keke da itace da abin da ya tsinto a juji, har ya kunna fitila a gidansu. Mutanen ƙauyen mahaukaci suka riƙa kiransa lokacin da yake tone-tonen bola. A 2019 har fim aka yi a kan labarinsa. Kusa da mu kuma ga Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, wanda ya fara da karatun zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka, ya yi aiki da kamfanin General Motors, ya zana motar Chevrolet Volt, sannan a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta Najeriya. Ba muna cewa kowane mai fankar jarka zai kai can ba. Mu buƙatarmu ma ba ta kai haka nisa ba. Sau nawa famfon sola yake lalacewa a unguwa a zauna makonni ana jiran mai gyara daga Kano? Ga Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013, ga babban asibitin tarayya a nan Nguru, ga injinan ban ruwa cike da fadama, duk suna buƙatar masu hannu da kai. Daga cikin yaran da ake barin su ɓata su gyara irin waɗannan mutane suke fitowa.

Mu koma kan membanmu, domin hoto biyu ya nuna mana. Na biyun yaron ne cikin kakin sikawut, da ɗan ƙyalle a wuya, da bel ɗin da ya yi masa yawa, da gani na aro ne. A kan wannan ma ya fi daɗewa yana magana. Ya ce kwanaki ƙanwar yaron ta faɗa kan tsohon kwanon rufi ya yanke ta a hannu, jini yana ta zuba. Uwar ta ruɗe, wata maƙwabciya ta ce a kawo toka, wani ya ce man birki ne maganinsa. Sai yaron ya ce kada wanda ya zuba komai. Ya ɗauko ƙyalle mai tsabta ya danne wurin da ƙarfi, ya ɗaga hannun sama, ya ɗaure, ya ce a tafi asibiti yanzu kuma a gaya musu tsohon ƙarfe ne don a yi mata allura. Uban ya ce, "Ni da na haife shi tsayawa na yi ina salati, shi yake ba mu umarni."

Yawancinmu ba haka muka san 'yan sikawut ba. Mun san su a filin fareti ranar 27 ga Mayu da ranar 1 ga Oktoba, da kuma riƙe igiya ranar hawan Salla, suna tsaye cikin rana har wani ya yanke jiki ya faɗi, a ƙarshe a sallame su da ledar ruwa. Shi ya sa iyaye da yawa suke ganin abin yawon banza ne. Amma inda ake yinsa yadda ya kamata, fareti ƙaramin ɓangare ne. Ana raba yara ƙananan rukuni, kamar mutum shida zuwa takwas, ɗaya daga cikinsu ne shugaba, shi zai amsa tambaya in wani ya makara ko kaya sun ɓata. Ana koya musu taimakon gaggawa, ƙullin igiya iri-iri, hura wuta da girki, sanin gabas da yamma, da kula da na ƙasa da kai. Lambar da ake liƙa wa yaro a riga kuma sai ya yi abin a gaban idon mai koyarwa. Wannan ne ya sa muka haɗa maganar sikawut da ta aikin makaranta wuri guda: babu kafintan da zai ƙulla maka igiya a gaban mai jarrabawa.

Kuma in akwai garin da ke buƙatar irin wannan ilimi, Nguru ce. A bakin ruwa muke zaune. Yaranmu suna wanka a tafki, matanmu da manomanmu suna tsallaka ruwa a kwalekwale, kuma labarin kifewa ba baƙo ba ne a yankin nan. Ambaliyar 2022 ba ta yi nisan da za mu manta ba. Yaron da ya san cewa wanda ke nutsewa igiya ko gora ko jarka ake miƙa masa, ba faɗawa ake yi a rungume shi ba, ya san abin da manya da yawa ba su sani ba.

Akwai masu cewa abin na Turawa ne, kuma ba ƙarya suka yi ba. Wani hafsan sojan Ingila ne, Baden-Powell, ya fara shi da wani sansanin yara a tsibirin Brownsea a 1907, kuma mutumin nan yana cikin waɗanda suka kai yaƙi ƙasar Asante a zamanin mulkin mallaka. Sikawut ya shigo Najeriya a 1915. Ba mu ɓoye wannan. Amma layin dogon da ya taso daga Kano ya ƙare a garin nan wajajen 1930 shi ma Turawa ne suka shimfiɗa don kwasar gyaɗa da fatu, kuma shi ne ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu Nguru. Yau ƙasar da ta fi kowace yawan 'yan sikawut a duniya ita ce Indonesiya, wadda kuma ita ce ta fi kowace yawan Musulmi. Alhazanmu da suka taɓa ɓacewa a Mina sun san 'yan sikawut ɗin Saudiyya ne suke kama hannun tsoho su mai da shi tantinsa. Wanda duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, ga 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da muke da su a gari, ga Red Cross. Mu dai burinmu yaro ya shiga wani wuri da za a ɗora masa nauyi kuma a tambaye shi.

Tsoron da muka fi girmamawa shi ne na tsaro. Bayan Buni Yadi a 2014 da Dapchi a 2018, babu wanda zai zargi uba ɗan Yobe in ya ce ɗansa ba zai kwana a sansani ba. Mu ma ba ma goyon bayan kai yara daji su kwana. Amma ana iya yin sansanin yini a cikin harabar makaranta, a watse kafin magariba. Sannan haƙƙin uba ne ya san wane ne mai koyarwar, ya je ya gaisa da shi, ya ga me ake yi. Domin gaskiya akwai wuraren da abin ya koma ihu da tsallen kwaɗo kawai, manyan yara suna huce haushinsu a kan ƙanana. Irin wannan yana yin ƙamari ne inda babu uban da ke leƙawa. Mai koyarwar kirki kuwa, wanda galibi ba a biyansa ko sisi a kan wannan aiki, zai ji daɗin ganinka.

'Yan mata kuma mun fi yi musu rowa. Yarinya za ta zana taswirar tafkin Nguru da hanyoyin ruwansa, ko ta haɗa matatar ruwa da yashi da gawayi a cikin gora, ta kawo gida, amsar da za ta samu ita ce ta ajiye ta je ta ɗora tukunya. Iyaye mata na wannan ƙungiya, wannan a hannunku yake, ku kuka fi mu kusa da su.

Abin da shugabannin ƙungiya za su kawo gaban zama mai zuwa shi ne shawara uku, kuma ba a yanke komai ba tukuna. Muna son a ware wani abu daga asusu a sayi akwatin kayan aiki, filaya, sukundireba, zarto ƙarami, ma'auni, waya da batir, wanda yaran membobi za su riƙa ara suna dawowa da shi. Muna son waɗanda 'ya'yansu suka girma suka bar kakin sikawut a ƙasan akwati su kawo a ba na baya. Sannan muna son sau ɗaya a shekara a yi baje kolin ayyukan yara a wurin taronmu, da sharaɗi guda: duk yaron da ya kawo abu zai kwance wani sashe nasa ya mayar a gaban jama'a, kuma ubansa ko uwarsa ko mariƙinsa zai zauna a wurin. Yaran da ba sa boko ma, almajirai da masu koyon sana'a, ƙofa a buɗe take.

Mun riga mun ji masu adawa, kuma dattawa ne da muke girmamawa. Sun ce ɗan kuɗin da muke da shi gara a ci gaba da sayen fam ɗin JAMB da shi, wannan shi ne taimakon da ake gani. Ba mu ce a daina ba. Tambayarmu gare su ita ce, a cikin waɗanda muka saya wa fam a shekarun nan, nawa ne muka san abin da suka iya yi da hannunsu ko da kansu kafin mu biya? A zo a yi wannan muhawara a zaman, kowa ya faɗi nasa, abin da rinjaye ya tsayar shi za mu rubuta.

Membanmu ya sake zuwa mana a makon nan. Ya ce ya ɗauki fankar a kan babur ya kai gona da kansa ya kafa. Kwana biyu tsuntsaye suna gudu, a na uku suka saba da ƙarar, har wani ya sauka a kan sandar. Ranar da iska ta kwanta kuwa ko motsi ba ta yi ba. Ya dawo ya gaya wa yaron haka, yaron ya yi shiru, sannan ya ce yana ganin in ƙarar tana canzawa ba za su saba ba, amma sai ya samu wata ƙafar keken da sarƙa. Har yanzu uban bai ce masa komai na yabo ba. Sai dai ya ce da manoman da ke maƙwabtaka da shi suka taru suna tambayar wa ya haɗa wannan abu, yaron yana tsaye a wurin, ya nuna shi da haɓa ya ce, "Yaron nan ne."

Don haka duk wanda ke da mataccen keke a bayan ɗaki, musamman mai sarƙa, ya taimaka ya zo da shi wurin taro ranar zama, ko ya sanar da mu a aiko a ɗauka.

Sakatare